Fiddausi Ta Yi Ƙaryarta ta Farko

Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Mas'ud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa, da fatan wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka a Jidda. Allah Ya tsare ka a kan titi, Ya sa albarka a tuƙin da kake yi, Ya dawo mana da kai lafiya. Mutanen gida a Kurfi duk lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa gidan suna da kanta. An kai gero gida, ya yi kyau fiye da na bara, sai dai waken ne bai yi yadda aka so ba. Na ji Alhaji Garba zai tafi Umra, shi ya sa na zauna na rubuta don ya taho maka da ita, domin maganar da ke bakina ta fi ƙarfin saƙon waya.

Ka sha yi mini dariya cewa an tura ni jami'a in koyo Hausar da na sha a nono. To Yaya, wannan karatu na kimiyyar harshe ya hana ni zaman lafiya, amma irin rashin zaman lafiyar da nake so. Yanzu ko a motar Kurfi nake, kunnena na kan bakin mutane. Rannan na tambayi Inna bambancin kukan da jariri ke yi da kukar da ake kaɗa miya da ita, tunda a rubuce abu ɗaya ne. Ta faɗe su duka biyun daidai, muryarta ta tsaya sama a ɗaya, ta gangaro a ɗayan, sannan ta ce ita ba ta ga wani bambanci ba. Shekara da shekaru tana bin dokar da ba ta san da ita ba! Gwaggo kuwa na dame ta da tambayar me ya sa take cewa hwara da shina zuwa, alhali mutumin Kano fara da yana zuwa zai ce. Ta ce nata ne daidai, nasu ne ya lalace. Na gaya mata malaminmu ya ce babu wanda ya lalace a ciki, ta ce ashe malamin Bakano ne.

Na kawo wannan ne don in shiga maganar 'yarka Fiddausi. Ban manta da umarninka ba. Tun da sanƙarau ya tafi da jinta, likitan kunne a Katsina kuma ya ce da wuya ya dawo, ka ce kada kowa ya yi mata magana da hannu, don kada ta saba ta ƙi buɗe baki har abada. Mun bi, domin mun san ƙauna ce ta sa ka faɗi haka. Amma kai a waya kake ganinta, an yi mata wanka an shafa mata hoda. Ba ka ganin sauran yinin. Yarinyar da ta isa shiga makaranta ba ta da hanyar cewa tana so ko ba ta so, sai ta faɗi ƙasa tana birgima, ta ciji wanda ke kusa. Yaran maƙwabta sun daina shigowa wasa. Mahaifiyarta Anti Azumi ta rame, kuma ba za ta taɓa gaya maka ba. Na sha iske ta a tsugune gaban yarinyar tana maimaita Mama, Mama, ita kuwa tana kallon leɓenta kamar mai kallon ruwa na gudu.

A zangon da ya wuce malaminmu ya yi mana darasi a kan maganar hannu ta kurame. Ni a da na ɗauka nune-nune ne kawai. Ya ce harshe ne cikakke, da nahawunsa da karin garuruwa, kuma yaron da ya samu harshe da wuri, ta baki ne ko ta hannu, shi ne kansa ke buɗewa. Ya ce hannu ba ya hana baki, abin tsoro shi ne yaro ya girma babu ko ɗaya. Na fito daga ajin da Fiddausi a raina. Ban yi komai ba tukuna, na dai gaya wa Inna.

Abin ya zo da kansa ranar kasuwar Kurfi. Na riƙo hannun Fiddausi za mu sayo daddawa, sai ta turje a gaban wata mata ta ƙi gaba. Matar sunanta Hassana, daga Tamawa take kawo daddawa, kuma kurma ce tun haihuwa. Tana cikin hira da mijinta Malam Tukur, wanda ke kamun kifi a madatsar ruwa ta Zobe. Shi yana ji sarai, amma da hannu suke rayuwarsu. Gardama ma suke yi a kan wani kwando, hannuwa na tashi, fuska na canzawa, har ta juya masa ƙeya shi kuma yana dariya. Fiddausi ta saki hannuna ta matsa, bakinta a buɗe. Hassana ta dube ta sau ɗaya ta gane. Ta tsuguna, ta ɗauki ƙwallon daddawa ta nuna mata, ta yi wata alama da yatsu a gaban hanci. Yarinyar ta kwaikwaya. Ta nuna mata kifi, ta yi alamarsa, ta kwaikwaya. Daga nan sai Fiddausi ta shiga jan ta tana nuna duk abin da idonta ya faɗa a kai, akuya, babur, tulu, kamar mai jin ƙishirwa da aka miƙa wa moɗa. Da ƙyar na raba su, rana ta yi.

Na dawo na faɗa wa Inna da Anti Azumi duk abin da ya faru, na kuma tuna masu da maganarka. Anti Azumi ta ce ita ba za ta ƙetare umarnin mijinta ba. Inna ta ce: "Ni na haife shi. A kira matar, in da laifi nawa ne." Tun daga nan duk ranar kasuwa Hassana kan biyo ta gida bayan la'asar, wani lokaci da Malam Tukur don ya fassara mana. Dukanmu mun zama ɗalibai, har Gwaggo, wadda ke ƙorafin yatsunta sun tsufa amma ta fi kowa saurin kamawa.

Abin da na gani a wannan zaman ya fi duk abin da na karanta. Tambaya a gira take: alama ɗaya ce, in ka ɗaga gira ta zama tambaya, kamar yadda mu muke ɗaga murya. Abin da ya wuce a bayan kafaɗa ake ajiye shi. Malam Tukur ya ce ko alamar kifi, yadda kuramen bakin Zobe ke yi daban da yadda Hassana ta taso tana yi, kuma kowa na cewa tasa ce daidai. Na dubi Gwaggo, ta kawar da kai. Kowa kuma da sunansa na hannu. Inna ita ce mai carbi, Gwaggo ita ce mai wushirya, ni kuma, Allah Ya isa, mai yawan motsa baki.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Makon jiya Inna ta ajiye ƙuli-ƙuli a kwano a kan tabarma ta shiga alwala. Ta fito, kwano wayam, ga Fiddausi a zaune da garin ƙuli a gaban riga. Inna ta nuna kwanon ta ɗaga gira. Yarinyar nan ba ta ko ƙifta ido ba. Ta kai hannu bayan kafaɗa, ta yi alamar akuya, ta nuna ƙofa, ta nuna yadda ta shigo ta cinye, har da yadda ita ta kore ta. Akuyar kuwa tana ɗaure a turke tun safe. Muka fashe da dariya, Gwaggo har da riƙe ciki. Da na waiwaya sai na ga Anti Azumi ta jingina da bango hawaye na zuba. Ta ce: "Yau 'yata ta ba ni labari." Ka san ban goyi bayan ƙarya ba, kuma Inna ta ja wa yarinyar kunne da maganar hannu, ta fahimta sarai. Amma ka duba, Yaya. Ta faɗi abin da ba ya gabanta, abin da bai ma taɓa faruwa ba, ta jera shi da farko da ƙarshe. Wannan ba nuni ba ne, magana ce.

Birgimar nan ta ragu ƙwarai. Yaran gidan Malam Ya'u sun dawo wasa, sun ma fara koyon alamun. Wani abin da zai faranta maka, ta fi kallon leɓe yanzu, tana yin alamar ruwa tana ƙoƙarin motsa baki tare. Ba zan yi maka alkawarin za ta yi magana da baki ba, wannan na Allah ne. Roƙona shi ne ka janye umarninka da bakinka, domin Anti Azumi tana koyo ne da nauyi a zuciya. Ka kuma yarda mu fara binciken makarantar kurame da za ta dace da ita. In ranka ya ɓaci da muka fara ba da saninka ba, ina ba ka haƙuri.

Inna na gaishe ka tana sa maka albarka. Gwaggo ta ce a tuna maka da dabinonta. Anti Azumi da yara, Khalil da Abdullatif, duk suna gaisuwa. Ka gaida Kawu Ɗanmusa in kun haɗu a Makka, da duk mutanen Kurfi da ke wurin.

Kai ma kana da suna. Ba Hassana ce ta raɗa maka ba, Fiddausi ce da kanta. Ta ɗauko hotonka ta shafa gefen girarta ta hagu da ɗan yatsa, daidai inda tabonka yake, sannan ta buɗe tafin hannu ta ɗaga gira, wato ina yake. Na amsa mata da alamar nisa, don iyakar abin da na iya ke nan. In ka kira ranar Juma'a, ka jingina wayar da wani abu don hannuwanka su zama a sake. Ka shafa girarka, ka nuna ƙirjinka. Sauran ita za ta koya maka.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Halimatu Sa'adiya