Gabashin Rafin da Kaka Ta Ƙi Nunawa

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naka, ya matarka da yara?

Aikin taswirar nan ya kankama. Tun da kamfanin katako ya ce dajinmu ba na kowa ba ne, lauyarmu ta ce sai mun kawo shaida. An ba ni waya mai gane wuri, kullum ina bin Kaka daji. In ta tsaya gindin itacen magani ko bakin marmaro sai in danna, ɗigo ya fito a allo, in naɗi muryarta tana faɗin sunansa da amfaninsa. Ta ce wai wayar ta fi ka hankali, don ba ta katse mata magana.

Gabashin rafi ne ta ƙi. Can saiwar da take ba masu naƙuda take, ta ce ita ma sai da ta haihu uku mahaifiyarta ta nuna mata. Na yi magiya har na gaji, na bar wurin fari fat a taswirar.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

Yayana,

Ina fatan kuna lafiya. Mu dai sai addu'a.

Bayan mun miƙa wa kotu taswirar, wani ya sa ta a intanet. Dillalan magani suka zo da buhuna, suna bin ɗigona ɗaya bayan ɗaya. Sun saɓule ɓawon itatuwan har sun bushe a tsaye. Yaya, ni na nuna musu hanya.

Hukunci ma ya fito. Inda ɗigo yake namu ne, gabashin rafi kuwa babu shaida, an ba kamfani. Abin da muka faɗa an sace, abin da muka ɓoye an ƙwace.

Jiya da safe Kaka ta ɗauki sandarta, ta ce in zo da wayar, yau za ta nuna mini, ko alƙali ya sake tunani. Na kasa gaya mata an gama shari'a. Muka isa rafi muka tarar da shingen waya, bayansa ƙasa ja, motocin kamfanin sun share komai. Ta daɗe tana kallo. Sai ta fara nuni da sanda ta tsakanin shingen, tana kiran sunaye, nan kaza, can kaza. Har yanzu ban iya sauraron abin da na naɗa ba.

Tun da muka dawo ba ta ci komai ba. Don Allah ka nemi hutu ka zo.

Taka,
Auta