Ba Zan Sake Ki Ba, Asma'u

Faskari,
Ran Litinin, bayan kaka, 1956.

Zuwa ga Asma'u, uwar 'ya'yana, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar gona, inuwar tsamiya a tsakiyar bazara, farar audugar Daudawa ranar da ta fashe, ke da muryarki ta fi sanyin randa! Gaisuwa mai yawa, da bege wanda ya fi gaisuwar yawa. Ina fata kina lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi, amin.

Bayan haka, saƙonki ya iso ni ta hannun direban motar auduga. Na karanta shi a tsaye bakin ofis, sai da na nemi bango na jingina. Kin ce in sake ki. Kin ce damina biyu ke nan kina asibitin kutare, ko an sallame ki sunan ba zai bar ki ba, don haka in nemi mace mai lafiya ta riƙe mini yara. Haba Asma'u! Da wane hannu kika rubuta wannan? Da hannun nan da na koya wa rubutu? Kin manta da hantsin nan da kike tankaɗe a tsakar gida, na durƙusa gabanki, na kama yatsarki na zana harafin farko na sunana a cikin garin dawa a kan faifai? Kika yi dariya har gari ya tashi ya bulbule miki gira, kika ce ashe boko ma abin tuwo ne. Wallahi ranar nan na duba fuskarki na ga kamar wata ne ya sauko da rana tsaka don ya zauna a gidana. Yanzu kuma harufan da na ba ki su za ki ɗaure ki aiko mini su yanka ni?

To, tun da kin ce ba na iya riƙon gida, saurara ki ji yadda ranakuna ke wucewa a gidanki.

Da an sallame sallar asuba nake tuɓe riga in ɗaura gajeren wando in kama hanyar Sheme da gudu. Ina gudu har sai ƙirjina ya yi kamar ana hura wuta a maƙera, sannan in juyo. Da fari yara na bi na suna tafi, mata na leƙe ta saman darni, dattawa na girgiza kai suna cewa ciwon matarsa ya taɓa wa Malam Maharazu hankali. Da na dawo sai in hura wuta in dama kunu. I, ni da kaina! Ni da ban san inda ake ajiye kanwa ba lokacin da kike nan. Sai in tayar da Mani in yi mai wanka yana ihu kamar ana yanka shi, in tayar da babbar, wadda kike jin nauyin kiran sunanta, ni kuwa yau na ajiye kunyar ɗan fari gefe: Barakatu. Ita ke share tsakar gida yanzu, da tsintsiyar da ta kusa fin ta tsawo.

Kin san wa ke yi mata kitso? Ni ne. Mai kitson unguwarmu ta ce hannunta na ciwo, ta bayan masallaci ta ce ba ta nan alhali muna jin tarinta a ɗaki. Sai na zaunar da ɗiyarmu tsakanin gwiwoyina na koya. Kitson karkatacce ne kamar hanyar shanu, amma tana tafiya da shi kanta a sama.

Daga nan in ɗora su a keke, Mani gaba, Barakatu baya, in kai su wajen Dada, tsohuwar nan mai saƙa ta bakin kuka. A duk garin nan ita kaɗai ce ta buɗe musu ƙofa, ita kaɗai ke ci da su a ƙwarya guda. Allah ya saka mata da Aljanna. Sai in wuce ofis in zauna gaban tafireta ina buga takardun auduga da na jangali, ina cewa ranka ya daɗe ga wanda ya kamata, ina murmushi ga abokan aikin da ke aje mini goro a kan tebur don kada hannunsu ya taɓa nawa. Duk na gani, Asma'u. Babu wanda na manta. Da an tashi da azahar in kwaso yara, in ɗauki guga in tafi rijiyar nan. Wannan rijiyar dai da aka kore ki daga bakinta, ba wata ba. Ina jan ruwa a hankali, ba na gaggawa, kowa ya kalle ni ya ƙoshi. Da la'asar in goya Mani a wuya in hau dutsen bayan gari da shi in sauko, in sake hawa. Shi yana zaton wasa ne. In mun dawo in rungumi buhun dawa in ɗaga in kayar, in ɗaga in kayar, har gumi ya rufe mini ido. Sannan tuwo. Tuwona har yau da gudaji, miyar kuka kuwa wata rana gishiri ya yi yawa, wata rana babu. Suna ci. Suna ƙiba ma.

Za ki ce gudun nan na mi ne, ga mutum mai iyali, mai aikin ofis? Ke ma kin sani, hasken idona. Tun ranar da muka rabu ba mu taɓa zancen ba, don kada in tayar miki da ciwo, amma yau sai na yi.

Kin tuna Barau mai sayen hatsi, wanda ake yi wa kiɗa a fagen kokawa. Kin tuna ranar da mayafinki ya zame a bakin rijiya aka ga tabon da ke damtsenki. Mata suka ja da baya, wannan ban riƙe su da shi ba, tsoro ne. Amma Barau! Shi da ba ruwa ya zo ja ba! Ya sa sanda ya ture tulun daga kanki, ya fashe, ya ɗaga murya ya kira ki da sunan nan a gaban yara da manya, ya ce kada a sake ganin ƙafarki a wurin. Kika taho gida jiƙe sharkaf, ba ki yi kuka ba sai da kika rufe ƙofa. Ni kuwa da labari ya iske ni a ofis na ruga na same shi a rumfarsa. Kin san abin da ya faru, gari duka ya sani. Da hannu ɗaya ya ture ni na faɗi cikin ƙaiƙayi, ya ce: "Tashi ka koma wajen alƙalaminka, malam, kada in karya maka shi." Aka yi dariya. Mijinki yana kwance a ƙasa, ke kina ɗaki kina kuka, ana dariya!

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya miki ba. Bayan tafiyarki da 'yan makonni na iske Barakatu a bayan ɗaki da dutsen goge kaushi, tana dirzar damtsenta har ya yi jini. Na ce mi ke nan? Ta ce ɗiyan Barau sun ce tabon na nan ƙarƙashin fatarta, tana so ta kankare shi tun bai fito ba. Asma'u, ranar nan ne wani abu ya mutu a cikina, wani abu kuma ya tashi. Washegari na fara gudu.

Ran Juma'ar da ta wuce aka yi kokawar kaka a Sheme. Bayan an sauko daga masallaci na kai yara wajen Dada, na hau keke. Na iske fage ya cika, makaɗa na zuba wa Barau kirari, ya yi ƙiba, tumbi ya fito, yana zagaye yana neman mai ja da shi. Na tuɓe rigar ofis na naɗe na aza kan sirdin keke, na shiga. Kiɗa ya tsaya. Wani dattijo ya kamo hannuna ya ce: "Malam, rufa wa kanka asiri, kana da 'ya'ya." Na ce: "Baba, saboda su na zo." Barau ya dube ni ya yi dariya ya ce ashe har yanzu ban gaji da ƙasa ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Da ya rungume ni na ji haƙarƙarina ya yi ƙara, duniya ta yi duhu. Ya ɗaga ni ƙafafuna suka bar ƙasa, na maƙale masa kamar kaska, ya rasa yadda zai yi da ni. Ya sake ɗagawa, na sake maƙalewa. Abu ɗaya na sani: mai cin kitse a rumfa ba ya da numfashin mai gudun asuba. Na yi ta jan sa muna zagaye, ina jin hucinsa na ƙaruwa a kunnena, hannuwansa na santsi da gumi. Da na ji ya saki nauyinsa a kaina don ya huta, sai na sa masa ƙafa na juya da duk abin da na tara na damina biyu. Ya faɗi, Asma'u! Ya faɗi da baya, ƙasa ta amsa! Da kin ji ihun da aka yi, da kin ce kasuwa ce ta kama wuta. Na sunkuya kansa yana haki, na ce masa a hankali, shi kaɗai ya ji: "Wannan na tulun Asma'u ne. Na ɗiyata yana nan tafe."

Na zaci zuciyata za ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Na koma gida ina tura keke don haƙarƙari ya hana ni hawa, na shiga ɗakinki na ga tabarmarki naɗe a jikin bango, sai na ga kayen nan bai dawo mini da komi ba. Ina amfanin ihun mutanen Sheme in ke ba ki ji ba?

Ga kuma mutanenmu! Ran Asabar da safe sai ga mai kitso da tsinkenta, hannu ya warke, wai ta zo gyara kan yarinya. Na bar ta tsaye a zaure har rana ta yi zafi, sannan na fito na ce mun gode, muna da mai yi mana. Sai ga Goggo Mero, ƙanwar mahaifina, wadda ta sa aka ƙone zannuwanki tun ba ki kai tasha ba, wadda kowane wata ke kawo mini sunan wata bazawara. Ta zo da fura tana cewa jini ba ya ƙarya, ɗanta ya fitar da su kunya. Na gaishe ta a durƙushe kamar yadda ya wajaba, na ce: "Goggo, furarki ta koma, gidan kutare ne nan, kada ki ɗauki wani abu." Ta fita tana salati. Na san ke da kina nan da kin ja mini riga kin ce in bari. Ke ki yafe in kina so, zuciyarki fara ce kamar nonon safe. Tawa ba haka take ba. Barau zai zo har zaurena da ƙafarsa, a gaban liman da mutanen unguwa, ya janye kalmar da ya faɗa, ya dubi ɗiyarmu ya ba ta haƙuri. In ya ƙi, ina nan, kaka na dawowa, ƙafafuna ba su gaji ba. Zan bi shi Mairuwa, zan bi shi Ƙanƙara, duk fagen da aka buga masa ganga zai waiwaya ya gan ni ina tuɓe riga.

Yau da safe babbanmu a ofis ya kira ni ya ce ma'aikaci ba ya kokawa a kasuwa, na zubar da mutuncin aiki, ana shawarar a mai da ni Sabuwa. Na ce ranka ya daɗe, duk inda aka kai ni zan je. Amma a raina na rantse ba za mu bar Faskari kamar korarru ba. Sai kin dawo tukuna, kin taka kowace hanya ta garin nan da rana tsaka, ina gefenki, sun gaishe ki suna sunkuyar da kai. Bayan nan ko Sabuwa ko bayan Sabuwa, duk ɗaya ne a wurina.

Don haka, kurciyata, ki daina zancen saki. Malamin asibitinku ya gaya mini da bakinsa ƙwayoyin nan sun karɓe ki, tabon na ɓacewa, sallama ta kusa. In yatsu biyu sun ƙi jin zafi, ni zan riƙa sauke miki tukunya. In ƙafa ta ƙi tafiya mai nisa, mi na tara ƙarfin nan don shi? Wa ya gaya miki fata na aura? Shin gona na daina zama gona don ƙaya ta fito a gefenta? Ni da na ga yadda kike tauna wa Mani gyaɗa ki sa mai a baki, na ji yadda kike waƙa ƙasa-ƙasa in kina daka kina zaton ba mai ji, ni za a ce in je in zaɓi wata? Wace? A ina aka haife ta?

In kuma kin taurare kin ce ba ki dawowa, to ki ji abin da na riga na yi. Na tambayi malamin nan ko akwai fili kusa da shingenku, ya ce akwai, wani manomi zai ba da aro. Wallahi zan ajiye musu tafiretarsu, in kwaso yara da tukwane, in kafa bukka inda duk safiya in kin fito alwala mu za ki fara gani. Ki zaɓa: ko ki zo gida, ko gida ya zo miki. Ta uku babu, kuma takardar da kika roƙa hannuna ba zai rubuta ta ba har a naɗe shi cikin likkafani.

Yara na gaishe ki. Dada na gaishe ki.

Ni ne mijinki jiya, mijinki yau, mijinki ranar da za a tashe mu,

Maharazu