Rigar da Ba a Juya Ba

Magarya, daren Juma'a, 20 ga Yuli 1973

Yau ma sama ba ta zubar ba. Da hantsi gari ya fita sallar roƙon ruwa, kowa ya juya rigarsa baibai, har tsofaffin da suka tako daga Kwaya. Daga sahun mata na hango Habibuna a gindin gawo, riga daidai, hannu cikin aljihu.

A gida na ce, "Kai, ina kunyarka?"

Ya ce, "Inna, malaminmu na makarantar lise ya ce hatsin taimako yana ruɓewa a mangaza, ɗakin ajiya, mu kuwa an ce mu dubi sama."

Malamin nan ne mai faɗa a fili babu Allah, wanda limamai suka kai ƙararsa. Na wanke yaron da mari. Zancen hatsin gaskiya ne, shi ya fi ci mini rai, amma yunwa ba hujjar kafirci ba ce.

Ni na kai shi lakwal, makarantar boko, da hannuna, kakarsa tana kuka. Yau ta tuna mini.

Gobe za a sake fita. Na juya rigarsa, na ajiye masa a kan tabarma. Ɗazu na leƙa, na tarar ya mayar da ita daidai, ya ninke.