Kibau Goma Sha Huɗu na Sarkin Baka

Gangara, 12 ga Oktoba

Yaya Lurwanu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Shatu da yara. Ya zafin Arlit, ya aiki? Mu nan lafiya lau, an gama girbi, wake ma bana bai ba mu kunya ba.

Ina rubuta maka wannan Inna tana tsaye a kaina, tana lissafa mini waɗanda take zargin sun yi wa Baba sammu. Ta kai mutum na shida, har da mai kifin kasuwar Gangara. Shi ya sa na zaɓi takarda. In na yi maka saƙon murya, kafin ya iso Arlit ya gama zaga unguwa.

Taron mahalba na bana a Gidan Sori za a yi shi, saura kwana ashirin. Ka san ƙa'idarsu: Sarkin Baka ke buɗe fili da kibau uku, ya halbi duman da aka rataye a reshen gawo, daga taku saba'in. In ya kuskure duka ukun, nan take zai sauke kwari ya miƙa wa na bayansa, wato Kawu Sale, wanda tun bara ya ɗinka sabuwar riga yana jira. Bara da ƙyar kibiyar Baba ta uku ta lashi gefen duman. Bana kuwa Baba ya ce mini, yana kallon bango, shekara ashirin da biyu sun isa, gara ya sauka da ƙafarsa.

Na kai shi asibiti a Maradi. Likita ya ce idon Baba ya fi nasa. Baba bai ji daɗi ba, don da makanta ce da ya samu abin faɗa wa mutane.

Kwana huɗu ke nan ina bin sa bayan gari da hantsi, da kaye da bik, littafina da alƙalamina ke nan, ina zana inda kowace kibiya ta sauka. A taku talatin ba ya kuskure ko goruba. A saba'in kuwa wata ta faɗi gaban duma, wata ta wuce ta samansa. Amma Yaya, babu ko ɗaya da ta kauce dama ko hagu. Duk a layi guda suke, kamar an ja da igiya. Ido da ya lalace ba ya jan layi haka, hannu mai rawa ma haka. Sammu kuma ban taɓa jin wanda ya karanta lissafi ba.

Kibau nake zargi. Hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗora su a kan ƙaramin ma'aunin da muke auna iri da shi a buronmu, ofishin gona na Gazawa. Sai dai mace ba ta taɓa kwarin mahalbi, ko da ta yi shekara biyar a jami'a.

Ka gaida kowa. Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Rufaida

Gangara, 21 ga Oktoba

Yaya Lurwanu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan zazzaɓin ƴarka Latifa ya sauka. Inna ta ce a shafa mata kanta.

Zauna kafin ka karanta. Ban taɓa kwarin ba, kuma an auna kibau.

Na ɗauko ma'aunin na ajiye a zaure, na yi ta auna tsabar gero a gaban Baba kamar aikin buro ne ya biyo ni gida. Na ce a bakin ƙofa, inda zai ji, wai wannan abin ya fi hannun kowane ɗan Adam sanin nauyi. Ka san Baba. Bai kai la'asar ba ya fito da kwari, ya ce zai kama ƙaryar na'urar nasara. Shi da kansa ya riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya, ni ina karanta lamba, hannuwana a bayana kamar ƴar lakol a gaban malamin aji.

Goma sha huɗu ne. Mafi sauƙi giram goma sha tara, mafi nauyi talatin da huɗu. A kusa ba a gane bambanci, kibiya ta isa kafin nauyinta ya ja ta ƙasa. Nesa ke tona asiri. Biyar kawai suka zo daidai da juna, kuma duka biyar ɗin ƙirar marigayi Tala maƙeri ne. Tun rasuwarsa Baba bai sa an yi masa kibiya ba. Sauran tara kyauta ce: duk mahalbin da ya zo gaisuwa daga wani gari sai ya kawo guda, kowa da maƙerinsa, wani ma da wayar ƙafar moto, wato babur, aka ƙera tasa. Baba ya karɓa ya sa albarka ya jefa a kwari. Girmamawa ce ke neman sauke shi daga sarauta.

Washegari ya gwada na Tala kaɗai. Huɗu cikin biyar suka shiga duma. Na yi tsalle na yi guɗa a gonar mutane, Baba ya ce in tuna ni matar aure ce.

Na ɗauka magana ta ƙare. Na ce ya ajiye taran a gida ya tafi da biyar. Ya dube ni kamar na ce ya je taron ba wando. Masu kyautar duk za su halarta, kowa ya san tasa da launin zaren da ya ɗaura mata, kuma za su leƙa. Cire kibiyar mutum daga kwarin Sarkin Baka, in ji shi, daidai yake da cire mutumin daga zaure. Zaɓe kuma babu, don Sarkin Baka ba ya duba kwari. Hannu yake kaiwa baya, wadda ta zo ita ce mai rabo. Ya ce gara ya rasa sarautar da ya riƙe ta da wulaƙanta mutum tara.

Na yi lissafin yiwuwar ya zaro ta Tala, ban gaya masa sakamakon ba. Kai ma ba zan gaya maka ba.

Saura kwana goma sha ɗaya. Ka gaida Yaya Shatu.

Taka,
Rufaida

Gidan Sori, 2 ga Nuwamba

Yaya Lurwanu,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi, a ɗakin matar mai masaukinmu.

Dabarar ba tawa ba ce, ko da yake zan so a ce tawa ce. Baba ne ya ce tunda ba a korar baƙo, ai ana iya yi masa aski. Ranar kasuwa ya kwashi kibau ya kai wa Rabilu maƙeri, ni ina biye da ma'auni a cikin jaka. Masu nauyi aka goge musu baki da zarto, marasa nauyi aka naɗa musu siririyar wayar jan ƙarfe a wuya, aka mayar da zaren kowa a kai. Wuni biyu muka yi. Ba su zama ɗaya sak ba, akwai wadda kyauronta ya yi kauri, ta ƙi jin magana, amma duk sun dawo tsakanin giram biyu. Sauran kwanakin kullum yana bayan gari, yana jan tsirkiya zuwa wuri guda a gefen gemunsa, har wurin ya yi ja.

Jiya da hantsi fili ya cika, mu mata muna can gefen rumbuna. Ya kai hannu baya bai duba ba. Mai koren zare ta fito, ta mutumin Agye, mai kaurin nan da ta ƙi jin magana. Ta wuce ƙarƙashin duma da kamar ɗani guda. Na ga Kawu Sale yana gyara wuyan riga.

Ta biyu mai jan zare ce, wadda aka yi da wayar moto. Yaya, ƙarar da duman nan ya yi da ta fasa shi, ban taɓa jin kiɗa mai daɗinta ba. Mai kyautar, wani tsoho daga Gidan Rumji, ya faɗa fili yana rawa yana cewa tasa ce, tasa ce.

Sai Kawu Sale ya miƙe ya ce halbin bai halatta ba, ya ji a kasuwa mace ta taɓa kibau. Baba ya rantse ban taɓa ko guda ba, Rabilu ya shaida, dattawa suka ce magana ta mutu. Da nan Baba ya tsaya da ya isa. Amma ya kira ni da suna a gaban mahalba sama da sittin, ya sauke kwarin daga kafaɗa, ya ce in riƙe masa zai yi alwala. Na riƙe. Yana da nauyi, yana warin tsohuwar fata, kuma sama ba ta faɗo ba. Ya ɗauki lokacinsa, har da wanke ƙafa sau uku-uku, ya dawo ya karɓa, ya zaro ta uku wadda ba a bukata, ya halbi ɓarin duman da ya rage a igiya. Ya same shi.

Kwari ya koma kafaɗar Baba. Kawu Sale ya zo da yamma ya yi masa barka, daga nan ya tambaya, yana kallon takalminsa, ko na'urar tana auna kibau na kowa ko na sarakuna kaɗai.

Yanzu haka mahalba goma sha ɗaya ne a zaure suna jiran a auna musu kibau, kowa rungume da kwarinsa, Kawu Sale ne na farko a layi, ga motar Maradi tana tashi da azahar. Matar gidan ta leƙo sau biyu, ta ce za ta kulle ɗaki ta tafi rijiya. Na ɗauki ma'auni, zan ja mata ƙofar in fita.

Ka gaida Yaya Shatu da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Rufaida Ilyasu