Maƙerin da Ya Ƙi Rufe Ido ga Wutar Walda

Baba Iro, ka taimake ni don Allah. Abin ya fi ƙarfin kaina, kuma duk wanda na gaya wa a nan, maganar za ta riga ni isa gida. Kada ka buga sunana.

Ni komi ne, wato magatakarda, a buro, ofishin gwamnati, a Agiye, amma asalina ɗan maƙera ne daga wani ƙauye kusa da Cadakori. Kakanmu maƙeri, ubanmu maƙeri, yanzu wana Barmo ne ke riƙe da maƙerar gidan. Ni kaɗai aka fitar. Lokacin Nasara, da aka zo neman yaran lakol, wato makarantar boko, mai gari ya ce gidanmu ya ba da ɗaya, Baba, mahaifinmu, ya dube mu ya miƙa ni. Ban riƙe shi a zuciya ba, Allah ya ji ƙansa. Amma har yau in na ji ƙanshin gawayin ƙirya sai tafin hannuna ya kama ƙaiƙayi.

A Agiye kowa ya san halina. In an tashi daga buro abokan aiki su tafi wurin dara, ni in shimfiɗa buhu a zaure in kama kwance keke, ko liƙe bokiti da dalma, ko gyaran fitilar maƙwabta. Don sha'awa nake yi. Matata Dija takan ce ita komi aka aura mata, amma kullum wankin makanike take yi.

To, bara waccan aiki ya kai ni Maraɗi, na bi ta wani garajin kamyo, manyan motocin ɗaukar gyaɗa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Wani mutumin Dahome, Metir ake ce masa, yana haɗa ƙarfen da ya karye gida biyu, ba gawayi, ba duka, sai waya da wata siririyar sanda da haske mai shuɗi. Walda ke nan, su mutanen garaji sudir suke cewa. Ya daka mini tsawa in kau da ido, na kau, amma ƙafata ta ƙi tafiya har motar da zan shiga ta bar ni. Daga nan duk Lahadin da na samu sai in je. Metir mutum ne mai haƙuri. Ya ba ni garkuwar fuska mai baƙin gilashi, ya tara mini guntayen ƙarfe in yi ta ɓatawa. Ɗinkina bai yi kyau ba, yakan fito ƙulu-ƙulu kamar kashin awaki, sandar kuma ta yi ta manne mini, amma na fara kama hannu. Ban taɓa jin daɗin wani abu haka ba, har da ranar da aka ɗauke ni aiki.

Ga inda abin ya lalace. Garemanin shanu da amalanke na ƙarfe sun fara shigowa ƙauyukanmu, kuma in suka karye maƙera ba ta iya mai da su, sai a kai Maraɗi. Na ga abin yana cin Yaya Barmo ko da bai faɗa ba. Na ce a raina, mutum mai hannu irin nasa in ya ga walda da idonsa, kafin a ce me, ya wuce ni. Na yi ta lallashi har bayan girbi ya yarda ya biyo ni.

Baba Iro, ka san mu maƙera da wuta. Ba ma gudunta, ba ma kau da fuska daga gare ta, tun muna goye ake ba mu maganinta. Yaya kuwa shi ne gwanin wasan wuta a yankinmu. Ranar bikin 'yancin kai ya ɗauki jan ƙarfe da hannu ya goga a harshe, mata na guɗa, makaɗa na kiran sunayen kakanninmu. Da Metir ya miƙa masa garkuwar, sai ya mayar da ita cikin ladabi, ya ce shi ɗan wuta ne, ba a taɓa jin maƙeri ya ɓoye mata fuska ba. Metir ya nace. Ni ma na sa baki, amma ni ƙane ne, ga kuma ma'aikatan garaji sun taru suna kallo. Akwai kamyon da ake jira, sai Metir ya koma kan aikinsa, yana zaton hasken da kansa zai sa shi ya juya. Bai san Yaya ba. Ya tsuguna dab da shi ya zuba ido tun hantsi har la'asar, yana tambaya, yana jinjina kai. Rabona da in ga murna irin wannan a fuskarsa tun Baba na da rai.

Washegari bai iya buɗe ido ba. Sun kumbura, ruwa na zuba, ya ce ji yake kamar an cika masa su da rairayi. Ina riƙe da hannunsa muka sauka a Cadakori, kuma ranar kasuwa ce, ba wanda bai gani ba. Idon hagu ya warke. Na dama har yanzu akwai baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. Ya ƙi zuwa wurin likita, sai tofi da kwalli.

Amma ba idon ne ya kwantar da shi ba, maganar mutane ce. An ce wutar Nasara ta ci maganin gidanmu, an ce sirrin kakanninmu ya tashi. Har a waƙar daka an sa shi. Tun ranar bai sake hura wuta ba, rumfar maƙera ta zama wurin kwanan kaji. Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, manoman da tun kakanninsu gidanmu ke yi musu hauya suna wucewa ta ƙofarmu, kai a sunkuye, zuwa wurin maƙerin garin gaba. Kuma ka sani, damman hatsin da manoma ke kawo wa maƙerinsu in an yi girbi, su ne abincin gidan. In shuka ta wuce bai ƙera wa kowa ba, ba na zaton za su dawo.

Da na je gaishe shi bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, in dai shi ne a madadin ubana, kada in sake kusantar waccan wuta. Na ce to. Metir kuma ya koma ƙasarsu lokacin da gwamnati ta ce mutanen Dahome su tafi, ko sallama ba mu yi ba, sai garkuwar da ya bari a ba ni.

Ga tambayata. Ina zan samu wanda zai ƙarasa koya mini, ni da ba yaro ba, ba kuma sana'a nake nema ba, Lahadi kaɗai gare ni? Kuma ko ya dace in nema, bayan na ce masa to? Wani lokaci in ga in na iya walda ni zan tsayar da gidanmu. Wani lokaci in ga son raina ne kawai na sa wa riga. Ina kewar wutar nan, Baba Iro, kuma ina jin kunyar kewarta.

Ɗan maƙera mai riƙe da alƙalami, Agiye.

Amsar Baba Iro

Ɗana, wasiƙarka ta sosa mini rai. Tambayar da ka sa a gaba ita ce mai sauƙi, bari in fara sallamarta.

Masu walda ba su ƙare a Maraɗi ba. Akwai a garajin masu aikin hanya, akwai a garajojin kamfanonin gyaɗa, akwai masu yi da wutar gas a gefen tasha. Ka tambayi direbobin kamyo wa ke gyara musu ƙarfen da ya karye bai sake karyewa ba, su suka san gwani. In ka same shi, ka bar kakin buro a gida, ka je da goronka, ka faɗa masa gaskiya cewa Lahadi kaɗai za ka zo kuma ba cinikinsa kake nema ba. Ka yarda ka yi shara ka riƙe ƙarfe ko da ka girme shi. Ka fi mai da hankali ga ta gas, don ba ta bukatar lantarki, ita za ta iya zuwa ƙauye. In ka ga malami yana aiki ba gilashi, ko yana barin mutane su tsaya kallo, ka gaishe shi ka wuce. Ka kuma tambaya a buronku ko makarantar koyon sana'a na karɓar manya lokacin hutu.

Amma duk wannan ba na bana ba ne. Ka ce wa wanka to, kuma mutumin da gari ke yi wa dariya, maganar ƙanensa kaɗai ta rage masa. In ya ji ka koma a ɓoye, wannan zai fi idon ciwo. Ban ga wauta a abin da Barmo ya yi ba. An raine shi a kan kada ya juya wa wuta baya, aka miƙa masa abin rufe fuska a gaban baƙi, ya yi abin da ubansa zai yi. Kai ma ban ga mugunta a naka ba. Alheri ka nufa, kuma son aikin hannu ba abin kunya ba ne ga ɗan maƙera.

Ido ne farko. Dole likita ya gan shi a Maraɗi, amma kada maganar ta fito daga bakinka. Ka nemi babban da yake jin nauyinsa, gwaggonku ko Sarkin Maƙeran yankin. Kada kowa ya tsaya gardama a kan maganin gidanku. A gaya masa kawai cewa haske ne ya taɓa shi, ba zafi ba, kuma rana ma ba wanda ke zuba mata ido. A tuna masa cewa da awartaki yake ɗauko ƙarfe daga wuta kullum, ba wanda ya taɓa kiran wannan tsoro. Ba zan ruɗe ka ba, mai yiwuwa tabon ya zauna. Mai yiwuwa kuma ka roƙi izininsa bayan girbi ya hana, ka sake roƙo baɗi ya hana. In haka ta faru za ka yi rashi na gaske, kuma ba ni da maganinsa sai haƙuri.

Wannan Lahadin ka wuce Maraɗi ba tsayawa, ka tafi gida da buhun gawayi. Ka kori kaji, ka share rumfar, ka zauna a gindin zugazugi inda ƙane ke zama, ka hura wuta. Kada ka kira shi, kada ka ambaci ido. Ka karɓi hauyar manomi na farko da ya zo wucewa, ka fara dukanta iyakar iyawarka. Za ka ɓata ta, na sani. Ban taɓa ganin maƙerin da zai iya zama cikin ɗaki yana jin ana dukan ƙarfe ba daidai ba. In ya fito ya fizge masaɓar daga hannunka yana zaginka, ka koma kan zugazugi ka ci gaba da hura masa wuta.

Allah ya ba Barmo lafiya, ya sanyaya zuciyarka, ya sa mutanen garinku su ji ƙarar maƙerarku kafin ruwan shuka ya sauka.