A Bar Mini Bororo Ɗaya

Inna,

Gaisuwa daga Kwatano. Ya jikin Baba da mutanen Wurogauri? Ina lafiya, ruwan gishiri ne kawai ke cin ƙafafuna.

Na ji kwalekwalen da na haɗa kafin in taho, yanzu "jirgin Muzzammil" ake ce masa. Don kawai iska ta tada bororo a jikin katakon, ya huda ya ɗura gam da sirinji? Ni na koya masa a waya, Inna! Wata huɗu na yi kan jirgin nan, shi yini ɗaya.

Yayana ne, Allah ya ƙara masa kifi. Amma ki ce ya bar mini bororo ɗaya. In na dawo, a gaban jama'a zan cike shi.

Ɗanki,
Anas