Jan Fensirin Goggo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma zaman ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tafiya, Inna kuwa tana nan da mitarta cewa ba ka kiran waya sai kana neman wani abu. Ka ga yanzu ma gaskiyarta, tunda amsata kake jira a kan aikin da ka samo mini a wajenku. Zan ba ka amsar, amma sai ka yi haƙuri ka ji abin da ya faru a ofishinmu ranar Laraba.

Ka san ɗakin da muke aiki ni da Goggonmu, a ofishin rajistar haihuwa, wanda ka taɓa cewa ya fi kama da wurin ajiye gawa saboda sanyi. Tsohuwar babbar kwamfutar nan tana nan tana gurnani, baƙin allo da koren rubutu, ba hoto ba ado. Abin da kake so sai ka rubuta mata shi da hannunka. Daga kan kujerar nan muke shiga kwamfutocin rassanmu na nesa. To, ta wani reshe ce ta cika maƙil, har ba ta karɓar sabon suna, iyaye sun yi layi da jarirai a ƙofa. Shugabanmu ya ba da umarni a goge duk fayil ɗin da ya wuce shekara goma, tunda muna da kwafinsu a nan. Na bana ne kawai ba mu da shi, don sai ƙarshen shekara ake kwashewa. Goggo ta ce tunda saura mata wata guda ta yi ritaya, ni zan yi.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi, don na daɗe ina ganin Goggo na jan aikin minti biyu ya kai awa biyu. Na shiga kwamfutar reshen, na rubuta umarnin gogewa, saura in danna. Sai na ji hannunta a kan wuyan hannuna. Ta tuna mini cewa wannan na'ura ba irin ta zamani ba ce mai kwandon shara da za ka koma ka tsinto abin da ka yar, kuma ba ta tambayarka ko ka tabbata. Abin da ka goge ya tafi, zarar bunu ne. Ta sa na share umarnin, na fara neman jerin sunayen fayilolin, na buga su a takarda. Shafi goma sha huɗu, Yaya. Ta zaro jan fensirin nan nata daga cikin ɗankwali, ta ce in karanta da ƙarfi, ita tana bi tana sa alama. Shugaba ya leƙo sau uku yana duba agogo. A na ukun ta gaya masa, cikin ladabi, cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma in yana sauri ga kujera.

A shafi na tara fensirin ya tsaya. Ta sa na maimaita shekarar da ke jikin wasu fayiloli, wajen ɗari biyu a jere. Na maimaita, ban ga komai ba, tsofaffi ne, sun ma fi sauran tsufa. Ta cire tabarau ta ce a wannan shekarar ko tubalin reshen ba a aza ba, domin ita aka tura ta haɗa musu layi ranar da aka buɗe, tana goyon autanta. Ta yaya za a yi rajistar jariri a ofishin da ba a gina ba? Ta ɗauki waya ta kira akawun reshen, ta ce ya duba ya gaya mata kwanan wata nawa kwamfutarsa ke nunawa yau. Bawan Allah ya duba, sannan ya karanto wata shekara da ni kaina ina firamare a lokacin. Ashe ɗan batirin agogon cikinta ne ya mutu tun watanni bakwai da suka wuce, tana ta manna wa sababbin fayiloli tsohuwar shekara, ba wanda ya lura.

Yaya, sai a lokacin na gane. Sunayen duk yaran da aka haifa a yankin nan cikin wata bakwai ne a ƙarƙashin yatsana, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Da na danna, na bi umarni daidai, ba wanda zai ce na yi laifi, amma ranar da yaran nan za su zo neman takardar shiga makaranta sai a ce ba a san da su ba. Goggo ba ta yi mini faɗa ba, ko kallon na-gaya-miki ba ta yi mini ba. Ta sa muka fara kwaso na banan muka adana, sannan na goge tsofaffin kashi-kashi, ina sake duba jeri bayan kowane kashi. Kafin la'asar layin reshen ya fara tafiya. Shugaba ya shigo zai yi godiya, ta ce ya aika musu da batir ya fi.

Da muka tashi, ta miƙo mini fensirin, ya ƙare saura kamar ɗan yatsa. Abin da ta ce kawai shi ne: “Na'urar tana jin magana, shi ya sa nake tsoronta. Duk abin da kika ce shi za ta yi, ko da ba shi kike nufi ba.” Shekara talatin da ɗaya tana wannan kujera, ba a taɓa rasa sunan yaro ko ɗaya a hannunta ba, mu kuwa a gida ba abin da muka sani sai tsokanarta da Goggo mai tsohuwar tukunya, wato kwamfutar nan. Wallahi na ji kunya, kuma ban taɓa alfahari da wani kamar yadda na yi da ita a ranar ba.

To ga amsata. Na gode da ɗawainiyar da ka yi, na san albashin can ya fi, kuma na san za ka ce na cika taurin kai irin na dangin Baba. Amma ba zan zo ba. Goggo za ta tafi ƙarshen wata, kuma a duk ginin nan ba wanda ya zauna kusa da ita ya ga yadda take yi sai ni. Ka ba wani gurbin, Allah Ya sa rabonsa ne.

Ka gaishe mini da Antina, da 'Yan Biyu, da Ƙaramar Inna mai kukan banza. Baba da Inna da Auta suna gaishe ku. Goggo ma tana gaisuwa, ta ce in ka tashi aiko da tsaraba kada ka wahalar da kanka, jan fensir dozin ɗaya ya isa, kuma ni za ka aiko wa.

Taka har kullum,
Ƙanwarka